Peugeot 504 iri biyu: Ta Kaduna da muka sani da 'yar'uwarta ta Italiya

A ƙarshen daminar bara na je gaisuwa garin Zuru, sai na tarar da gardama ta kaure a gidan wani dattijo, tsohon soja, da Allah Ya yi wa rasuwa shekaru kaɗan da suka wuce. Abin da ake gardamar a kansa wata farar Peugeot 504 ce, wato Fijo a bakin mutanenmu, wadda aka ɗora bisa duwatsu a gindin mangwaro tun marigayin yana raye. 'Yan gwangwan sun zo sun taya, magada sun kusa sallamawa, sai wani matashi cikin jikokin gidan ya zaro wayarsa ya nuna hoton wata 504 da aka yi gwanjonta a Turai a kan kuɗin da ya ninka tayin da aka yi musu ninkin-ba-ninkin. Ya ce tunda suna ɗaya ne, kamfani ɗaya ne, to kada a yi gaggawar rabuwa da dukiya. Kawunnansa suka ce yaro ne, bai san bambancin mota da mushen mota ba.

Da na karɓi wayar na duba, sai na ga motar da ke cikin hoton ƙofa biyu gare ta, gajeriya ce, kuma a kwance take kusa da ƙasa. Ita ce ake kira 504 Coupé, wadda aka ƙera jikinta a Italiya. Ta gindin mangwaro kuwa salun ce mai ƙofa huɗu, irin wadda aka harhaɗa a Kaduna. Kowane ɓangare na masu gardamar yana da rabon gaskiya, kuma da yake akwai gidaje da yawa a Arewa da irin wannan mota ke jibge a cikinsu, ya kamata a fayyace inda motocin biyu suka haɗu da inda suka rabu.

Gidan da ya zana su

Peugeot kamfanin Faransa ne, amma siffar 504 daga Italiya ta fito. A birnin Turin akwai wani gidan zanen motoci da ƙera jikinsu mai suna Pininfarina, wanda Battista Farina ya kafa a 1930. Wannan gida shi ne ya zana akasarin fitattun motocin Ferrari tun daga farkon shekarun 1950, kuma a daidai wannan lokaci ya ƙulla hulɗa da Peugeot. Shi ya zana 403 da ta fito a 1955, da 404 da ta fito a 1960, wadda iyayenmu suka sani a matsayin tasi da a-kori-kura. Mutumin da ake danganta zanen salun ɗin 504 da shi, Aldo Brovarone, yana cikin waɗanda suka fitar da siffar Dino, ƙaramar motar tsere ta gidan Ferrari da attajiran duniya ke rububinta a yau. Ke nan direban da ya shekara ashirin yana lodin fasinja daga Zuru zuwa Kontagora a cikin 504 ya yi ta tuƙa zanen Italiya ba tare da ya sani ba.

An gabatar da salun ɗin a 1968, kuma aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta shekarar 1969. A watan Maris na 1969, a bikin baje kolin motoci na Geneva da ke Suwizalan, sai aka fito da ƙannenta biyu: Coupé mai rufin ƙarfe, da Cabriolet mai rufin tamfol da ake naɗewa baya. Su biyun nan aikin ya zama na haɗin gwiwa: injin da giya da shimfiɗar ƙarƙashi daga masana'antar Peugeot ta Sochaux a Faransa, jiki da fenti da kujeru kuwa a masana'antar Pininfarina da ke Grugliasco, a gefen Turin. Shi ya sa za a ga tambarin Pininfarina a gefen jikinsu, abin da babu shi a jikin salun.

Bambancin jiki

Duk da cewa uwa ɗaya ta haife su, babu wani fallen ƙarfe na jikin waje da motocin biyu suka yi tarayya a kai. Ƙofar wannan ba ta shiga waccan, haka bonet, haka murfin but. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya a salun mita 2.74 ce, amma a Coupé an rage santimita 19, ta dawo mita 2.55. Tsawon salun ya kai kimanin mita 4.49, na Coupé kuwa kimanin mita 4.36, ga rufinta ya fi ƙasa. Wannan ragi ya sa ta fi sauƙin juyawa a kwana da gudu, amma ya cinye wurin ƙafar fasinjan baya. Salun tana ɗaukar iyali biyar da kayansu cikin walwala. Coupé an yi ta ne don mutum biyu, kujerun bayan nan na yara ne ko na tafiyar da ba ta da nisa.

Ko daga nesa ana iya rarrabe su. Salun tana da manyan fitilun gaba guda biyu masu kusurwa da suka ɗan karkace, da but ɗin nan nata da ya karye ya zube ƙasa a baya, wanda duk wanda ya girma a Najeriya ya san shi. Coupé ta farko tana da ƙananan fitilu huɗu a gaba, a baya kuma jajayen layuka uku-uku a karkace a kowane gefe. A 1974 aka haɗe fitilun gaban a ƙarƙashin gilashi ɗaya a kowane gefe, aka kuma sauƙaƙa na bayan. Wajen ƙarshen shekarun 1970 aka musanya bambar ƙarfe mai ƙyalli da ta roba. Masu tara tsofaffin motoci da waɗannan alamomi suke gane zamanin kowace.

Akwai kuma 'yan gidan da ba su da takwara a ɓangaren Italiya: doguwar wagon, wadda tazarar tayoyinta ta kai mita 2.90 kuma wani nau'inta ke da layin kujeru uku, da a-kori-kura mai ɗaukar kaya. Waɗannan su ne suka riƙe tashoshin mota da kasuwannin ƙauye na Arewa shekara da shekaru.

Injin mai tukunya huɗu da mai tukunya shida

A nan ne ita kanta Coupé ta kasu gida biyu, kuma a kan wannan rabuwa masu sha'awarta suka fi yin muhawara. Da farko injinta ɗaya ne da na salun, mai tukunya huɗu, girmansa sisi 1,796, daga baya a 1970 aka faɗaɗa shi zuwa 1,971, wato abin da makanikai ke kira lita biyu. Bambancin shi ne yadda ake shayar da shi mai. Akasarin salun ɗin da muka sani a nan kabureta gare su, wadda kowane bakanike na bakin hanya ke iya kwancewa ya wanke ya mayar. Coupé kuwa tana amfani da wani famfon injekta na Jamus mai suna Kugelfischer, da ke fesa mai a mashigar kowace tukunya a ma'auni. Da wannan injin mai lita biyu ya ba da ƙarfin doki 104, alhali mai kabureta bai cika 100 ba.

A ƙarshen 1974 Peugeot ta cire wannan inji daga Coupé da Cabriolet ta sanya musu sabo mai tukunya shida da aka jera uku-uku kamar harafin V, shi ya sa ake kiransa V6. Kamfanoni uku ne suka haɗu suka ƙera shi, Peugeot da Renault da Volvo, girmansa sisi 2,664, ƙarfinsa doki 136, kuma yana kai motar gudun da ya haura kilomita 180 a awa. Sai dai ya zo a mummunan lokaci. Farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya bayan rikicin mai na 1973, shi kuwa V6 mashayin mai ne. Abin da ya cika baitulmalin Najeriya a wancan zamani shi ne ya karya kasuwar wannan mota a Turai. A 1977 dole kamfanin ya dawo da mai tukunya huɗu, ya bar V6 a Coupé kaɗai, ya sauya masa kabureta da injektar Bosch, ƙarfinsa ya ƙaru zuwa doki 144, da giya biyar.

Wanne ya fi a cikinsu? Mai tukunya huɗu ya fi sauƙi a kan tayoyin gaba, bai kai ɗan'uwansa shan mai ba, kuma da yawa daga kayan cikinsa irin na salun ne, don haka samunsu ba ya wuya. Rauninsa famfon Kugelfischer, wanda masu iya saita shi ƙalilan ne ko a Turai. V6 ya fi ƙarfi da daɗin ƙara da natsuwa a doguwar tafiya, amma ya fi tsadar riƙo. A wajen masu saye don ajiya, V6 ta fi daraja saboda ƙarancinta, kuma sarauniyar gidan ita ce Cabriolet mai V6, wadda duka-duka ba a ƙera 1,000 ba daga 1974 zuwa 1977.

Gwaji a hanyoyin Afirka

Mutanen Jihar Kebbi sun san irin tseren motocin da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu, inda ake gwada mota a doguwar tafiya. Mafi wahalar irin wannan tsere a duniya a shekarun 1970 shi ne Safari na Kenya, tafiyar dubban kilomita cikin ƙura da laka da duwatsu. A can ne aka ga abin da 504 za ta iya.

A 1975 Ove Andersson, ɗan ƙasar Suwidin, ya lashe Safari da salun mai ƙofa huɗu. Waɗanda suka zo na biyu da na uku a bayansa, Sandro Munari da Björn Waldegård, suna tuƙa Lancia Stratos ne, motar tsere ta Italiya mai injin Ferrari, wadda ta lashe kambin duniya sau uku a jere daga 1974 zuwa 1976. Stratos ta fi 504 gudu nesa ba kusa ba, amma har ta bar fage ba ta taɓa cin Safari ba. A wannan shekara ta 1975 Hannu Mikkola ya ci tseren Maroko da salun, mai karanta masa hanya kuwa shi ne Jean Todt, wanda daga baya ya shugabanci ƙungiyar tseren Ferrari. Da aka ga salun na bukatar ƙarin ƙarfi sai aka shigo da Coupé V6. Timo Mäkinen ya ci tseren Bandama na Kwaddibuwa da ita a 1976, sannan a 1978 Jean-Pierre Nicolas ya haɗa Safari da Bandama duka biyu.

Sirrin nasarar a ƙarƙashin motar yake, inda 'yan'uwan biyu suka yi tarayya. Sifirin da shokozoba suna da doguwar tafiya sama da ƙasa, don haka taya ba ta saurin barin ƙasa a gargada. Sandar da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya tana cikin wani ƙaƙƙarfan bututu da ke kare ta. Abin da ya sa Coupé ta tsira a dajin Kenya shi ne ya sa wagon ta jure hanyar Dabai zuwa Mahuta zuwa Koko, da ta Ribah, da lodin da ya zarce abin da Faransawa suka taɓa tunani.

Yadda ta Kaduna ta zama tamu

An yi rajistar kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, a 1972, masana'antarsa ta Kakuri a Kaduna kuma ta fara aiki a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. Lokacin ne Najeriya ta yi yunƙurin kafa masana'antun motoci: Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu, da manyan motocin Fiat na Italiya a Kano. Saboda cunkoson tashar jiragen ruwan Legas, an shafe shekaru ana ɗauko sassan Peugeot a jiragen sama daga Lyon zuwa Kano, sannan a ƙarasa da su Kaduna ta hanya.

Abubuwa suka haɗu suka buɗe wa 504 kasuwa. Kuɗin Udoji ya shiga hannun ma'aikata a 1975, ga bashin mota da gwamnati ke bayarwa, sannan gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗauki matakin rage almubazzaranci ta mai da Peugeot motar hukuma. Daga nan 504 ta zama motar babban sakatare da alƙali da hafsan soja da shugaban makaranta. Ƙasar Zuru, wadda ta yi suna wajen bai wa rundunar sojan Najeriya 'ya'yanta, ta ga rabonta: da yawa sun dawo gida bayan ritaya da irin wannan mota, ita ce shaidar shekarun da aka yi ana bauta wa ƙasa.

A Turai an daina ƙera salun da Coupé da Cabriolet a 1983. A Kaduna kuwa aka ci gaba da harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan haka, duk da karyewar Naira bayan shirin SAP na 1986 da ambaliyar motocin Kwatano da ta biyo baya. Najeriya na cikin wurare na ƙarshe a duniya da aka ƙera ta. Ita kuwa Coupé ba a taɓa harhaɗa ta a Kaduna ba, don haka duk wadda aka gani a ƙasar nan shigo da ita aka yi.

Abin da ya raba farashinsu

Amsar tana cikin lissafi. An ƙera 504 sama da miliyan 3 a duniya, kuma dubban ɗaruruwa daga ciki a Kaduna. Coupé kuwa kimanin 26,000 ce kawai a cikin shekara 14, Cabriolet kimanin 8,000. Wato a kowace 504 ɗari, da ƙyar a sami ɗaya mai jikin Italiya. Su ma tsatsa ta ci da yawa, domin ƙarfensu bai da kariya sosai, ga gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara. Abin da ya yi ƙaranci kuma yake da kyau dole ya yi tsada. Kamfanin Peugeot da kansa ya nuna matsayin Coupé a wurinsa a 2018, lokacin da ya baje wata motar gwaji mai lantarki, e-Legend, wadda aka ɗauko siffarta daga gare ta.

Saboda haka kawunnan yaron nan sun yi gaskiya cewa motar gidansu ba ita ce ta cikin hoto ba, kuma babu wanda zai biya kuɗin Coupé a kan salun. Amma shi ma yaron bai yi kuskure ba da ya ce a dakata. Abin da yawa ya mayar banza jiya, ƙaranci na iya mayar da shi abin nema gobe. A tashoshinmu Golf da Sharan da Sienna sun kori wagon tuntuni, waɗanda suka rage kuma kullum ana daddatsa su ana aunawa a sikeli. Salun nauyinta tan ɗaya ne da 'yan kai, kuma kuɗin wannan ƙarfe kaɗai ɗan gwangwan ke biya. Fitila da gilashi da sitiyari da dasbod da bamba da tambarin zaki, waɗanda mai farfaɗo da tsohuwar mota ke nema ido rufe, duk a kyauta yake tafiya da su.

Kafin a sallama

Mai irin wannan mota a gida ya fara da ƙirga ƙofofi. Idan biyu ne kuma akwai tambarin Pininfarina, to kada ya saurari tayin kowa sai ya nemi masani, ko da kuwa motar ta shekara talatin ba ta tashi ba. Idan salun ce ko wagon, sai a duba abu huɗu. Na farko takardu: rasidin saye, da katin rajista, da lambar jiki da ta inji su dace da abin da ke rubuce. Na biyu tsatsa, musamman a daɓen ƙarƙashin kafet, da gindin ƙofofi, da cikin but, da inda shokozoba ke zama. Zuru ta fi Sakkwato da Birnin Kebbi ruwan sama, kuma motar da ke ƙarƙashin bishiya ganye na toshe mata magudanan ruwa, ta ruɓe daga ciki. Na uku asali: motar da ke da injinta da kujerunta da fentinta na farko, ko sun koɗe, ta fi wadda aka yi wa aron kayan wata mota daraja. Na huɗu tarihi: wa ya saya, a ina ta yi aiki, akwai hotuna? Motar da aka san labarinta ta fi wadda ba a san daga inda ta fito ba.

Idan babu halin gyara, mayar da ita ƙarƙashin rumfa, da ɗage ta daga ƙasa, da zuba ɗan baƙin mai a ramukan fulogi don kada injin ya kafe, ba za su ci kuɗi mai yawa ba. Idan kuma sayarwar ta zama dole, musamman inda magada ke jiran haƙƙinsu, to a tambayi masu sayar da kayan Fijo da tsofaffin makanikanta kafin a kira mai sikeli, domin a san ainihin abin da ake rabawa.

Akwai kuma abin da ya wuce batun aljihu. Faransawa sun gina wa Peugeot gidan tarihi a Sochaux tun 1988. Mu ma mun adana Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta a gidan tarihi na Legas, saboda abin da ya faru a cikinta rana ɗaya. Ita kuwa 504 ta Kaduna ta kai amare gidajensu, ta kai marasa lafiya asibiti, ta kai ɗalibai Zariya, ta ɗauki dawa da gero zuwa kasuwa har tsawon shekara talatin, kuma hannun 'yan Najeriya ne ya ɗaura ta. Ya dace gwamnatocin jihohi da masarautu da manyan makarantun fasaha su nemi lafiyayyu daga cikin waɗanda suka rage su adana, tun ana iya samunsu da araha.

A gidan da na je a Zuru, magadan sun amince a jinkirta cinikin har sai an nemo takardun marigayin. Kafin na baro garin, an ture motar daga gindin mangwaro an shigar da ita rumfa.